Aska Takwas a Bab Makka

Yaya Mahmudu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, dakon buhuna a kasuwar Bab Makka ne ya ɗan taɓa min baya, amma da sauƙi.

Ka ce in ajiye allura tunda ba wanda ya san ni a Jidda. Gaskiya ne, mutanen nan farar jallabiya suke sawa, ko ɗigon aiki babu. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min na zauna a ƙasar nan, ya tarar ina ɗinka aska takwas a babbar riga, ya yi dariya, wai wa zai sa wannan? Na ce ni. In na riƙe allurar nan, Yaya, mantawa nake da ciwon bayan.

In alhazai sun tashi tahowa, zaren tsamiya za ka aiko min, ba nasiha ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Rafi'u