Tsiron da Rediyo Ta Bar Mini

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya sa abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo saboda surutu, hutun kwanciya har sai ta haihu. Kafin ta tafi ta dire mini ƙatuwar kwalbarta mai murfi: tsakuwa da gawayi a gindi, gansakuka a sama, sai ɗan tsiro mai jan jijiya a ganye. "Yaya, ki riƙe mini. Ba ya son rana." Ni da aka tsallake aka ba ta shugabancin ɗakin magani! Na ce to.

Alhamis, 6 ga Maris
Kunnena ya huta.

Laraba, 12 ga Maris
Gilashin sai gumi yake yi. Na cire murfin, na kai shi bakin taga, wai ya sha iska. Ina dawowa daga raba magani na tarar tsiron ya kwanta warwas. Direban motar asibiti ya leƙo, wai "Hajiya, sai dai gaisuwa." Dole na kira Rediyo. Dariya ta yi ta yi. "Suma ce, Yaya, shagwaɓa gare shi. Fesa ruwa, ki rufe, ki mayar da shi inuwa." Kafin a tashi aiki ya miƙe kamar ba shi ba.

Talata, 25 ga Maris
Sababbin ganye, ƙanana kamar kunnen ɓera. Na tura mata hoto, ta kira. Muryar ba ta da ba ce. Ashe sau biyu tana ɓari, muna ɗaki ɗaya ban sani ba. Mijin kuma kullum yana hanya da tirela. Sai na hau ba ta labarin gansakuka.

Asabar, 5 ga Afrilu
Tsiron ya kai murfi. Ta ce in tsinke kan in dasa. Na dasa a kwalbar zuma, na kawo gida. Maigida ya ce, "Ke da ko albasa ba ta kwana a hannunki?"

Laraba, 16 ga Afrilu
An kwantar da ita a benen asibitinmu, ɗakin masu jiran haihuwa. Likita ya ce daga ita har ɗan lafiya lau, alhamdulillahi. Na hau na kai mata takardar odar magani ta sa hannu, aiki ne kawai. Sai na ga kanta duk ya cukurkuɗe, babu mai gyara mata. Na ari mataji na yi mata kalba. Surutu dai yana nan, har nas ta kore ni.
Gobe ma akwai takardar da za ta sa wa hannu. In babu, zan nemo.