Babin Ƙarshe, Ki Kawo Shi da Hannunki

Zuhuratu, ruwan randa a tsakar bazara, zumar da ƙudanta ke harbin mai ita, farin watan da ya haska Ƙonni ya bar Tamale a duhu, matata, mai yaga mini littafi.

Jiya Fatawu direba ya tsaya da motar albasarsa a unguwar Moshi Zongo, nan Tamale, ya miƙo mini saƙonki ta taga yana dariya. Wani babi kuma! Na rubuto miki ki taso, na kama ɗaki a unguwar Gumani, na shafe shi da shuɗin fentin da kike so. Amsar da nake samu ita ce littafin da na fi ƙauna a duniya, an farke masa ɗinki, ana aiko mini shi gunduwa-gunduwa kamar naman layya, yana warin albasa. Ko kalma ɗaya ba kya sawa. Wace irin mugunta ce wannan, sanyin idona?

Kin manta inda muka karanta shi? Ƙarƙashin darbejiyar gidanku, kina karantawa, ina gyara miki keken ɗinki. Garin da duk matafiyi sai ya rataye inuwarsa a ƙofa kafin ya fita, jarumin da ya tafi neman ruwan saman da aljanu suka sace, da mai gadin inuwoyi wadda ta ƙi binsa. Muryarki a ranar ta fi kukan kurciya taushi. Ashe wuƙa ake wasa mini.

Kuma don ki ƙara mini zafi, ba a jere kike aikowa ba. Kin fara da babin da yake yawo a hamada ba inuwa, rana na cin ƙeyarsa. Na gane, ni ne. Sai na bikinsa da mai gadin inuwoyin. Sai na jiya, na ranar da ya tafi. A shagon gyaran babura na karanta shi, hannuna duk baƙin mai, har Afi mai shinkafa da wake ta tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Zan faɗi gaskiya ko da ta ƙona ni. Da, ina bin shafi a jere ina tsine wa mai gadin nan saboda taurin kai. Yanzu da na fito daga babin biki na faɗa kai tsaye cikin na tafiya, sai na ga bai tambaye ta ba, sanar da ita kawai ya yi. Kin ci. Shagon ɗinkinki ba inuwa ba ne da za a naɗe a cusa a jaka. To amma ba ki da baki ne? Sai kin kashe littafi?

Saura babin ƙarshe. Na haddace shi: ta ɗauko inuwarsa a ka, ta keta hamada, ta shimfiɗa masa ita a ƙafa. Ki saurare ni da kyau, ƙayar zuciyata. In Fatawu ne ya miƙo mini shi, ba zan buɗe ba, zan mayar wa mai gida makullinsa, in daina damunki. In kuwa kina so a karanta, ki kawo shi da hannunki, ki zo da keken, akwai wurinsa a bakin taga, na auna. Da zarenki za ki ɗinke abin da kika farke.

Wannan karon tambaya nake. Za ki zo?

Wanda ya gaji da ke, bai iya son wata ba, ba kuma zai koya ba,
Abdulshakur