Fitilar da Aka Shafe da Fenti

Duk wanda ya buɗe takardar nan don ya ga abin da na bar masa, ya ninke ta ya miƙa wa na kusa da shi. Ni Rakiya, matar marigayi Garzali maƙerin fari, na rubuta ta da hannuna a gidanmu na Tarauni, cikin Rajab na 1957. Ciwo ya ci jikina, amma hankalina bai taɓu ba. Da shi na koyar da 'yan mata shekara goma sha tara.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba na sa baki. Sulusin da shari'a ta ba ni iko a kai kawai zan yi magana, kuma na fitila ne.

Na biyu. Kun san fitilar tagulla da ke kan ginshiƙi a filin kwalejin nan ta bayan Gyadi-Gyadi. Mahaifinku ne ya ƙera ta. Wata bakwai yana huda ta da tsinke, har idonsa na dama ya raunana. Idan aka kunna ta da magariba, haske yakan fito ta ƙananan ƙofofin ya zana dagi da taurari a ƙasa, masu dawowa daga gona su tsaya kallo. Shekara biyar da suka wuce wani babba zai kawo ziyara, aka shafe duwatsu da gindin itatuwa da farar ƙasa yadda aka saba. Wani mai ƙwazo ya ga tagullar ta yi duhu, ya bi ta da koren fenti har shafi biyu. Ƙofofin suka toshe. Baƙon ko kallonta bai yi ba.

Na uku. Yanzu tsofaffin ɗalibai sun kafa kwamitin gyara. Sun sha shayi sau shida, sun ɗauki hoto, sun yi rigima kan sunan wa zai hau sama a allon godiya. Sun yanke a tara fam arba'in a sayo sabuwa daga Ingila, a sauke tsohuwar. Malamai goma sha biyu masu alƙalami a aljihu, babu wanda ya jingina tsani ya leƙa. 'Yata Asma'u ce, da goyo a bayanta, ta kankare wuri ɗaya da allurar ɗinki, rana ta ratsa ta ciki. Lafiyar fitila ƙalau, in ban da gilashi biyu da suka fashe. Na hana a ba kwamitin nan ko anini da sunana.

Na huɗu. Shekara ashirin da bakwai ban kira sunanka ba, don kai ne na fari. Yau zan rubuta shi. Maje, kai ne magatakardan kwamitin, kuma da kyakkyawan rubutun da na koya maka ka rubuta wa mutane cewa fitilar aikin gargajiya ce marar inganci. Na karanta. Wannan aikin ne ya saya maka takalmin zuwa makaranta. Akwatin tsinkayen mahaifinka yana ƙarƙashin gadona. Ka ɗauka, ka tuɓe rigar ofis, ka hau tsani da rana tsaka abokanka suna gani, ka buɗe ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. An ce za su sauke ta bayan salla. Ka riga su.

Na biyar. Da sulusina a sayi kananzir da lagwani, a ba Osita mai gilashi ya yanka madadin gilashi biyun da suka fashe. Ya zauna da mahaifinku a maƙera, ya san awonsu. 'Yar'uwarku Nana ce za ta riƙe kuɗin, don ita ba ta son a gan ta.

Na shida. Asma'u, gaskiyarki ce, amma kiran yayanki bawan Turawa a gaban matarsa rashin tarbiyya ne. Ki je gidansa ki gaishe shi, ki kuma riƙe masa tsani. Kada gawata ta fita kuna gaba.

Na yafe muku nonon da kuka sha. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ji ƙan mahaifinku, ya sa in cika da imani. Ku zauna tare, ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya.

Ga dokar gidan nan daga yau. Kowace Alhamis bayan la'asar, ɗaya daga cikinku zai je ya goge fitilar, ya zuba mata kananzir, ya kunna ta kafin kiran magariba. Bi da bi za ku yi, ba aike, kuma Maje ne zai fara.