Bangon Shagon Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na rubuto ne don na san in na kira ka a waya, "Me kika ce?" za ta cinye rabin hirar.

Yaya, ruwan garin nan ba ya gajiya. Tun da na buɗe shagon ɗinki ban ga rana ta wuni a waje ba. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Duk wannan da sauƙi. Shekaranjiya na buɗe kabad in ɗauko farin yadin matar likita, wadda ta fi kowa kawo mini ɗinki, sai wani wari ya buge ni kamar an manta da jiƙaƙƙen tsumma a tukunya. Fumfuna ce, baƙa da koriya, ta yi wa yadin ɗige-ɗige. Har takalmina na fita unguwa ya yi furfura.

Na janye kabad ɗin, sai ga bango sharkaf daga sama har ƙasa. Bayan bangon kuwa shagon wani mai sayar da littattafai ne, dogo mai tabarau, wanda in ka gaishe shi sai ya ƙarasa layin da yake karantawa sannan ya amsa. Na tabbata indararonsa ne ke zubo mini ruwa. Na je na faɗa masa, kuma ba da sanyin murya ba. Ka san me ya ce? Wai tururin dutsen gugana ne ke ratsowa yana ɓata masa littattafai. Tururi, Yaya! Ta cikin bulo!

Kai da ka yi aikin gini har ka yi ritaya, ka ba ni shawara. In na rasa matar likita, na rasa rabin unguwa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun same ta cikin ƙoshin lafiya. Kunnena kuma ƙalau yake, wayar ce ba ta da kirki.

Ki bar ƙofa da taga a buɗe iska ta ratsa, fanka kuma ta riƙa juyawa ko da kina jin sanyi. Kada kabad ya sake jingina da bango, ki bar tsakaninsu inda hannu zai shige. Yadudduka ki ɗora su a kan katako, ban da leda, don leda danshi take riƙewa. Ki ɗaure hanci, ki sa safar hannu, ki goge bangon da ruwan kal, wato bilicin wanki. Kada wani ya ruɗe ki ki shafa fenti a kan jiƙaƙƙen bango, daga ƙarƙashi za ta sake ɓullowa. Kuma muddin ba a gano inda ruwan ke fitowa ba, aikin banza ake yi.

Faɗa da maƙwabci ba ya busar da bango. Ki riƙe bakinki, na san kaifinsa.

Tun rasuwar mijinki na ce ki zauna tare da mu, kika ce sai kin tsaya da ƙafarki. Ban hana ba. Amma in abin ya gagara, ɗakinki yana nan, kuma a bushe yake.

Yayanki

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi maganarka kaf, sai dai ta riƙe baki, wannan a hankali nake koyo.

Matar likita ta zo, na shimfiɗa mata yadin ban ɓoye komai ba. Ta duba, ta duba, sai ta ce, "Baiwar Allah, ni jakunkunana nawa damina ta ci? Wanke ki gani." Na wanke, na tsare rana kamar mai gadi, tana leƙowa ina fitar da shi. Yawancin tabon ya fita, inda ya ƙi kuma na yanka na kauce masa. Rigar ta fito tsaf, har ta turo mini ƙanwarta.

Bango dai ya ƙi bushewa. Rannan ina tsakiyar ɗinki sai ga mai littattafai a bakin ƙofa, riƙe da wani littafi da ya kumbura kamar burodi. Ya ce, "Malama tela, ba tururinki ba ne. Ki gafarce ni."

Na ce, "To indararonka ne."

Ya ce, "Shi ma ba shi ba ne. Zo ki saurara."

Ashe ya kwashe kantar littattafansa ya kara kunne a bango. Ni ma na kara nawa ta ɓangarena. Ba ko yayyafi a waje, amma ana jin ruwa yana tsiyaya a ciki, siririn sauti. Muka kira mai gyaran famfo, ya fasa wurin, sai ga bututun da ke kai ruwa benen sama ya tsage.

Tare muka je wurin mai gidan da muke haya. Ni na yi bayani, shi kuma ya riƙe lema. Mai gida ya fara kame-kame, sai mutumin nan ya ajiye masa kumburarren littafin a kan tebur. Warin kaɗai ya gama shari'ar. Washegari aka canja bututu.

Na gode da ɗaki, Yaya, har na yi ƙwalla da na karanta. Amma ka bar wa yara su yi karatu a ciki. Ina nan.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Madalla da aikin bututu. Ki yi haƙuri bangon ya bushe har cikinsa kafin a yi filasta da fenti. Batun ɗaki, na ji. Antinki ta ƙwace biron, wai tana da saƙo.

Auta, Antinki ce. Dogon nan mai riƙe lema, yana da iyali kuwa? Don bango nake tambaya.

*

Yaya da Anti,

Ina gaishe ku da kyau. Bango ya bushe ƙayau, an yi fenti, shago sai ƙamshin sabon yadi. Na cire labule mai kauri da ke taga na sa shara-shara, na kuma ajiye gawayi a kwano cikin kabad don wari.

Anti, ban ga abin da ya haɗa tambayarki da bango ba, amma tunda kin yi: matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa. Kullum da safe yakan shigo ya ɗora tafin hannu a bangon, ya ce, "A bushe yake." In ce, "Jiya ma haka ka ce." Ya ce, "Danshi ba a yarda da shi." Sai ya zauna ya sha shayi. Yanzu kuma in na gaishe shi, rufe littafin yake yi tun ban kai ƙarshen sallama ba.

Jiya ya tsaya yana ta goge tabarau, can ya ce in ba shi adireshinka, Yaya, yana da magana da kai. Na ce ko a kan gini ne? Ya ce a'a. Na rubuta masa.

In wasiƙarsa ta zo, don Allah kada ka amsa masa da muryar nan taka ta wurin aiki. Mutum ne mai kunya.

Taku,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Wasiƙar maƙwabcinki ta iso. Rubutunsa yana da kyau, kuma ya san yadda ake yi wa babba magana.

Ranar Asabar ina tafe in duba aikin filastar da idona. Antinki ta goge mini rigata ta fita kunya, ta ce ita ma da ita za a zo. Na gaya mata ba a yi wa bango kwalliya, ta ce in yi shiru in sa.

Ki tanadi shayi na mutum huɗu.

Yayanki