Numfashin Inna a Jikin Mangwaro

Garwa, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Abdelkerim, a Kuseri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Achta da yara. Allah ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a bakin iyakar nan. Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da ka sani, wanda ko ruwan randa bai ƙyale ba. Binuwai ta ja baya har yara na buga ƙwallo a yashinta. Baban Nazira ya samu sauƙin ƙafarsa, ya koma mahauta.

Saƙonka ya iso ta bakin Mahamman direba, cewa a sare mangwaron da ke bakin zaure a gina shago a wurin kafin damina. Ban musa ba. Kai ne babba, kuma tun rasuwar Inna maganar gidan nan a hannunka take. Har an yi magana da mai saran itace. Sai dai wani abu ya faru da na ga gara in rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zancensa.

Ka san Nazira ta shiga ajin kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, bana. Malamarsu, Madam Pélagie, ta ce kowa ya ƙera siffar ƙwayar zarra da kayan gida ya kawo, wato abin nan da suke kira atom, wanda aka ce da shi aka gina komai. Yarinyar nan ta shiga ɗakin Inna ta fito da faifanta, wanda take rufe ƙwaryar fura da shi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta nuna min yadda saƙar take zobe cikin zobe, ta ce a duk gidan babu abin da ya dace kamarsa. Ta zauna gindin mangwaro bayan la'asar, ta manna gyaɗa shida da wake shida a tsakiya, ta ce su ne proton da neutron, zuciyar abin ke nan. Sannan ta jera ƙwayar gero, biyu a zoben ciki, huɗu a na waje, ta ce su ne elektron masu kewaya zuciyar ba hutu. Sunan wannan ɗin karbon.

Na ce ai gero ya yi kusa da gyaɗa, za su yi karo. Ta yi dariya ta ce faifan ne ya yi kaɗan. Wai da zuciyar za ta kai girman gyaɗa ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo, da geron yana can bayan 'yan kallo, kuma tsakaninsu ba komai. Na tambaye ta ko turmin da nake zaune a kai ma haka yake, ta ce har ni mai zaman. Yaya, a hankali na tashi daga kan turmin nan. Tun ranar nake yawo a gida kamar mai mafarki. In na kalli bango sai in ga kamar yana rawa a ɓoye, in na ɗebi ruwa a tafin hannu sai in tsaya ina mamakin abin da ya riƙe shi. Baban Nazira ya ce in na ƙara ƙona masa tuwo zai kai ƙarar Madam Pélagie.

Amma ba wannan ne ya sa ni rubutu ba. Nazira ta ce waɗannan ƙwayoyin ba sa tsufa, ba sa ƙarewa, abokan zama kawai suke sakewa. Ta ce duk numfashin da mutum ya fitar akwai karbon a ciki, ganye kuma ya sha shi daga iska, ya gina itace da 'ya'ya da shi. Tana maganar ina kallon gindin mangwaron, wurin da tabarmar Inna take zama, inda ƙasa ta yi santsi har yau. Ka tuna shekarun da ta yi a nan. A nan take tsince shinkafa, a nan take jan carbi, a nan take ƙwala mana kira, a nan ta yi dariyar nan tata mai sa ta tari. Sai na ji bakina ya ce, "To, numfashin Inna fa?" Yarinyar ta ɗaga kai ta kalli rassa. Washegari ta tambayi malamarsu, ita kuma ta ce mafi yawa iska ta tafi da shi, amma wani abu daga ciki lalle ya shiga itacen.

Kada ka ce na zautu. Na san rai yana wurin Ubangijinsa, kuma addu'a ce ke isa ga Inna, ba inuwa ba. Malum Zaharaddin ma ya jaddada min haka, na kuwa yarda. Sai dai kayanta an raba, ɗakinta an yi masa fenti, muryarta ta fara ɓace min a kunne, abin da ke ba ni tsoro ke nan. Yanzu in iska ta kaɗa ganyen nan da yamma nakan zauna in lumshe ido, in ji sanyi a raina. Kai ma numfashinka yana cikin itacen, har da ihun da ka yi ranar da ka faɗo daga reshe Inna ta bi ka da muciya.

Zan faɗa maka kai tsaye, ba na son a sare shi. Akwai wuri ta gefen tsohon garken awaki. Ya fi ƙunci, bai kuma fuskanci titi sosai ba, na sani, amma shago zai zauna.

Ka gaishe min da Yaya Achta, da Adoum, da Fatime, da Fanta mai sunan Inna. Baban Nazira yana gaisuwa, Nazira ma, ta ce in gaya maka faifan ya dawo ɗakinsa lafiya.

Na ba Mahamman kwali ɗaya na mangwaron bana, da hannuna na tsinko su. Na ce wa mai saran ya dakata sai ya ji daga bakinka. Kafin ka ba shi amsa, ka zauna ka sha ɗaya, a natse, ba a tsaye cikin shago ba. In ka sha ka ce a sare, ba zan tare kowa ba, sai dai ranar ba za a same ni a gida ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Dela