Gwaggo Hajara Ta Zama Biyu

Talata da dare, unguwar Aziziyya

Na gaji, ko abinci ban iya ci ba. Dawowata daga aiki ke nan Baba ya ce in kira masa ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, a Damagaram. Sun yi shekaru ba sa magana. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa na jona laftof ɗina da babbar shasha, wato allon kwamfuta na kan tebur, don ya gan ta sosai. Sai ga fuskarta a duka biyun. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce, "Wacce zan gaisar?"

Cikin gaggawa na rufe murfin laftof ɗin. Komai ya ɗauke, kiran ya yanke. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, ta kashe. Har yanzu fushi take."

Na rantse masa laifina ne, bai yarda ba. Na yi ta lalube har na gano inda ake kashe ƙaramar shashar a bar murfin a buɗe, tunda kyamarar a jikinsa take.

Da muka sake kira, ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Yauwa. Dama ɗaya na baro a gida."