Layin Shayi a Takardar Haɗa Manhaja

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da sauran mutanen ofis. Na ji an ɗora miki sabunta takardar da ke bayanin yadda ake haɗa manhajarmu, tunda sabon zubin kayan aikin ya fito. Na yi murna ƙwarai. Da yawa suna zaton aikin canza lamba ne kawai, a goge tsohuwa a sa sabuwa. Ba haka ba ne. Ki samo kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba, ki bi takardar layi-layi kamar baƙuwa. Duk layin da ya daina zama gaskiya, ki cire shi. Na san mijina Injiniya ne ya rubuta ta, Allah ya jiƙansa, amma kada wannan ya ɗaure miki hannu. Ni dai har yanzu ƙafata ta ƙi ofis.

Ki huta lafiya,
Anti

Anti,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙarin haƙuri? Na yi yadda kika ce. Umarnin da sunayensu suka canza duk na gyara, amma na maƙale a wuri ɗaya. Bayan umarnin haɗawa, Injiniya ya rubuta: "Wannan zai ɗau lokaci. Tashi ka ɗora shayi, ka zuba kofi biyu, ka miƙa wa na teburin kusa da kai ɗaya."

Anti, sabon zubin kafin in ja kujera baya ya gama. Oga ya ce in goge layin, wai ba gidan shayi muka buɗe ba, amma da ya faɗa bai iya kallon idona ba. Kin san allon yana nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Sauran duk sun koma sunana. Wannan ne kaɗai ya rage da sunansa. Na kasa. Me zan yi?

'Yarki,
Auta

Auta,

Ina amsawa, na gode. Na daɗe da wasiƙarki a hannu.

Teburin kusa da shi nawa ne. Lokacin ni ce sabuwa, kamar ke. Duk sanda ya danna umarnin sai ya ajiye mini kofi, sukari kamar zai kashe ni, ya ce laifin na'ura ne, ita ce mai nawa. Na sha tsokanarsa cewa da gangan yake ƙin gyara saurinta. Har ya rasu bai musa ba.

Amma wanda ya zo gobe ya karanta "zai ɗau lokaci", ya ga ta gama nan take, zai zaci ta lalace, ya ɓata yini yana neman matsalar da babu. Injiniya ba zai yafe mana wannan ba. Layin zai fita. Roƙona ɗaya: kada ki taɓa shi, ki bar mini.

Taki,
Anti

Auta,

Gaisuwa. Na goge. Kafin nan na gwada takardarki daga gida, komai ya tafi daidai, aikinki ya yi kyau. Sai dai hannuna ya riga ni, na ɗora buta kafin in danna. Na'urar ta gama, ruwan bai ko yi ɗumi ba.

Kofunan nan biyu suna cikin durowar teburina na ofis. Ki gwada ɗora shayin da kanki wata rana, ko da babu abin jira. Ki rage sukari.

Anti